Littafin Mai Kemis da Hannun Hukuma: Ina Iyakar Sirrin Majiyyaci?

A kowane ɗakin shan magani na karkara, da kowane kantin magani mai rajista, akwai wani littafi da ba kasafai ake kula da shi ba. Sau da yawa bai wuce littafin rubutu irin na 'yan makaranta ba, bangonsa ya sha hannu, gefensa ya naɗe. A cikinsa ake rubuta sunan wanda ya zo, da garinsu, da ranar zuwansa, da irin maganin da aka ba shi, da yawansa. A zamanin zaman lafiya babu mai ɗaga kai ya dubi wannan littafi sai malamin asibiti da sufeto mai zagaye. To amma a ƙasar Birnin Gwari, daga Kuyello zuwa Dogon Dawa, shekarun tashin hankali sun mai da shi abin da mutum uku ke sa wa ido: majiyyacin da sunansa ke ciki, da jami'in tsaron da ke son karantawa, da kuma ɗan bindigar da ke son sanin ko an karanta.

Birnin Gwari tana yamma da Kaduna da tafiyar kimanin kilomita 120. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya miƙe ya haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, har ya zama mai babur yana iya ƙetare iyakar jihohi ba tare da ya taka kwalta ba. Tun daga harin da aka kai Dogon Dawa a watan Oktoban 2012, zuwa kisan gillar Gwaska a watan Mayun 2018, zuwa rufe layukan waya da hana hawan babur da sayar da fetur a jarka da gwamnatin Kaduna ta yi a 2021, har zuwa sulhun da aka ƙulla a watan Nuwamban 2024 wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu, abu ɗaya ne masu lura da al'amarin suka yi ittifaƙi a kansa. Mazaunin daji ba ya rayuwa sai da abu uku daga gari: fetur, da abinci, da magani. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idanun hukuma su koma kan masu kemis da ma'aikatan lafiya. An sha ganin 'yan sanda a jihohin Arewa maso Yamma suna baje kolin mutanen da ake zargi da kai wa 'yan bindiga ƙwayoyi ko yi musu jinya. Tambayar da ba a faye yi ba ita ce: a garin neman waɗannan, wane haƙƙi ya rage wa sauran ɗaruruwan sunayen da ke cikin littafin?

Abin da takardar magani ke tonawa

Mai karatu zai iya cewa, mene ne abin ɓoyo a sunan magani? Amsar ita ce, ga wanda ya san kan abin, sunan magani shi ne sunan cuta. Wanda aka ga an rubuta masa tenofobir da lamibudin da dolutegirabir, ba sai an faɗa ba, yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Rifamfisin tare da isoniyazid na nuna tarin fuka. Dafson da kulofazimin na nuna kuturta. Kabamazafin yawanci na masu farfaɗiya ne, halofaridol kuwa na masu taɓin hankali. Haka nan akwai magungunan da ke nuna mace tana da juna biyu, ko ta yi ɓari, ko tana tazarar haihuwa, ko magidanci yana neman maganin rashin haihuwa. Watau shafi guda na littafin mai kemis yana iya ɗauke da abin da zai kashe aure, ya hana budurwa manemi, ya raba ɗan ƙwadago da aikinsa, a ƙauyen da kowa ya san kowa.

Bahaushe ya daɗe da sanin nauyin wannan. Yakan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin mai neman waraka dole ya buɗe wa mai magani abin da ba zai buɗe wa ɗan'uwansa ba. Amma kuma yakan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ungozoma ta san ɗan da aka haifa kafin watanninsa su cika, wanzami ya san abin da ke jikin kowane magidanci a unguwa, kuma darajar su biyun tana ga kame baki. Rantsuwar likitoci da ake jingina wa Hibokiratis na ƙasar Girka, da littafin Adab al-Tabib na Ishaƙ bin Ali al-Ruhawi wanda aka rubuta sama da shekara dubu da suka wuce, duk sun ɗora wa mai magani wannan amana. Bambancin zamanin nan shi ne amanar ta bar cikin mutum ta koma kan takarda da kwamfuta, su kuwa waɗannan ana iya ɗaukarsu a sa a aljihu.

Ƙwayar da ta jawo maganar

Ba don maganin farfaɗiya hukuma ke son buɗe littafin ba. Abin da take bi shi ne magunguna dangin ofiyom, musamman tiramadol da kodin da allurar fentazosin. Wani kamfanin Jamus ne ya fara haɗa tiramadol a 1962, aka fara sayar da shi a 1977 a matsayin maganin raɗaɗi. Idan ya shiga jiki, wani sinadari na hanta da masana ke yi wa laƙabi da CYP2D6 yakan juya shi zuwa wani nau'i mai ƙarfi, wanda ke maƙalewa a wuraren da ofiyom ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa ya dusashe jin zafi. Har ila yau yana ƙara yawan wasu sinadarai biyu masu isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, sarotonin da noradiranalin, kuma wannan ne ke sa mai shansa jin ƙarfi da rashin gajiya, abin da ya sa lebura da ɗan acaɓa da ɗan bindiga duk suke nemansa. Yawan wannan sinadari na hanta ya bambanta tsakanin mutane bisa ga gado, don haka ƙwayar da ta yi wa wani daidai tana iya kayar da wani. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini, domin fiye da haka yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da sarƙewar numfashi.

Akwai wani labari da ke nuna yadda ƙwayar ta ratsa karkarar wannan yanki na Afirka. A 2013 wasu masu bincike suka ba da sanarwar sun sami tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, har aka fara murnar cewa itaciyar ce ke yin sa da kanta. A shekarar da ta biyo baya wasu masanan suka nuna cewa ba haka ba ne: manoma ne ke sha suna kuma ba shanun huɗa, fitsarinsu da kashinsu suka gurɓata ƙasar, saiwar ta tsotsa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu dangin ofiyom na asibiti suka sha ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Babu mai hankalin da zai ce hukuma ta naɗe hannu. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Ƙarfin tiramadol da hukumar NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100. Wanda hukumar NDLEA da jami'an kwastan suka sha kamawa kwantena-kwantena a tashoshin jiragen ruwa kuwa mai 200 ne da 225 har da 250. Irin wannan bai taɓa bi ta hannun likita ba, bai shiga littafin kowa ba. Daga bakin teku sai tasha, daga tasha sai bayan babur. Wanda sunansa ke cikin littafin shi ne wanda ya bi ƙa'ida: mai amosanin jini da ciwon ƙashi ya tayar wa cikin dare, da wanda ya karye a hanya, da tsohuwa mai ciwon daji. Kuma a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da gadon sikila, masu yawan komawa karɓar maganin raɗaɗi ba kaɗan ba ne. Jami'in da bai san wannan ba, in ya ga suna ɗaya ya maimaitu sau shida a wata, ɗan ƙwaya zai gani.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da wasiƙunsa, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi da doka saboda tsaro ko lafiyar jama'a. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ce ta fito da maganar fili. Sashenta na 26 ya ce duk wani bayani game da lafiyar mutum, ko jinyarsa, ko kwanciyarsa a asibiti, sirri ne. Ba a bayyana shi sai da ɗayan waɗannan: mai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni, ko wata doka ta wajabta, ko iyaye ko waliyyi sun nema a madadin yaro ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuwa ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Sashe na 29 ya tanadi ɗauri har na shekara 2 ko tarar Naira 250,000 ga wanda ya kutsa cikin irin waɗannan bayanai ko ya kwafe su ba da izini ba. Abin lura a nan shi ne, a cikin jerin babu inda aka ambaci buƙatar baki ta jami'in tsaro. Kaki da bindiga ba sa zama a madadin sa hannun alƙali.

Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta sanya bayanin lafiya cikin rukunin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. To amma ta kuma keɓe hukumomin da ke binciken laifi da na tsaron ƙasa daga wani ɓangare na sharuɗɗanta, kuma ta wannan ƙofa ce jayayya kan shigo. A ɗaya gefen, dokar da ta kafa NDLEA a 1989 ta ba jami'anta faffaɗan ikon bincike a inda suke da dalilin zargin an ajiye ƙwaya, haka su ma sufetocin Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, wadda aka sabunta dokarta a 2022, suna da ikon shiga kanti su duba kaya da rajista. Sannan tun da Babbar Kotun Tarayya ta ayyana gungun 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamban 2021, dokar yaƙi da ta'addanci ta hau kansu, ita kuwa ta mai da ɓoye bayani game da ta'addanci laifi. Mai kemis na ƙauye, wanda a ƙa'ida ma lasisinsa bai ba shi damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba, shi ne ake son ya warware wannan sarƙaƙiya yana tsaye a bayan kanta, da mutum huɗu masu kaki a gabansa.

Duk da haka akwai zaren da in aka kama shi al'amarin kan yi sauƙi. Lissafin kaya dabam, sunan majiyyaci dabam. Kwali nawa ya shigo, daga wane dila, nawa aka fitar, nawa ya rage: wannan haƙƙin hukuma ne ta sani, kuma da shi ake gane kantin da kayansa ke zurarewa daji. Amma wanda ke son sanin abin da wane ɗan wane ya sha, ya kamata ya ambaci sunansa da dalilinsa a gaban alƙali, a ba shi abin da ya shafi wannan mutum kaɗai. Ɗaukar littafi sukutum a tafi da shi ofis don a duba ko za a dace, jefa koma ce a tafkin jama'a.

Raunin harsashi

A wuri ɗaya ne doka ta buɗe bakin likita ƙarara, shi ne harbin bindiga, kuma tarihinsa darasi ne. Dokar soja ta fashi da makami ta 1984 ta wajabta wa duk asibitin da ya karɓi mai raunin harsashi ya sanar da 'yan sanda nan take, ta kuma tanadi ɗauri har na shekara 5 da rufe asibitin da ya saɓa. Dokar ba ta ce kada a yi jinya ba. Amma tsoro ya fassara ta da haka, asibitoci suka riƙa cewa sai an kawo takardar 'yan sanda, mutane suka yi ta mutuwa a bakin ƙofa, cikinsu har da waɗanda 'yan fashin suka harba. Sai a watan Disamban 2017 aka sa hannu a dokar da ta tilasta karɓar mai raunin harsashi ba tare da takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Ta ce a fara jinya, sannan a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2, kuma ba a ɗauke majiyyaci don bincike sai shugaban asibiti ya tabbatar ya sami sauƙi. Har a 2023 sai da Sufeto Janar na 'yan sanda ya sake fitar da umarnin a bi wannan doka, alamar tsohon tsoron bai gama fita ba. A lura kuma, abin da aka wajabta shi ne sanar da raunin da bayanin wanda ya zo da shi. Wannan bai zama lasisin buɗe tarihin sauran cututtukansa ba, balle na maƙwabcinsa na gado.

A ƙasar Birnin Gwari ko wannan awa 2 ɗin tana da nata nauyi. A watannin da aka rufe layukan waya, sanar da 'yan sanda na nufin hawa hanyar da kowa ke gudu. Kuma sanannen abu ne cewa 'yan bindiga ba sa sassauta wa wanda suka zarga da kai rahoto. Ma'aikacin lafiyar da aka shigo wa cikin dare da mai rauni, in ya yi shiru ya saɓa doka, in ya yi magana kuma maganar ta zurara, shi da iyalinsa ne a bakin daji.

Yadda wasu suka yi fama da ita

Amurka, inda kusan kowace jiha ke da rumbun kwamfuta mai tattara sunan duk wanda aka rubuta wa magani mai sa maye, ta daɗe tana wannan muhawara. A 1977 Kotun Ƙolinta ta amince wa Jihar Niyok ta tara irin waɗannan sunaye, amma ta yarda cewa mutum na da haƙƙin kada a yaɗa sirrinsa. Abin da ya faru a Jihar Yuta a 2013 ya nuna inda haɗarin yake. An sami ɓatan mofin daga motocin ɗaukar marasa lafiya, sai wani ɗan sanda mai bincike ya buɗe rumbun ya karanta tarihin magungunan ma'aikatan kashe gobara kusan 480 ba tare da izinin kotu ba. Aka gurfanar da biyu daga cikinsu kan zargin da bai shafi mofin ɗin ba, daga bisani aka janye tuhumar, bayan an riga an zubar musu da mutunci. A 2015 jihar ta yi dokar da ta wajabta wa 'yan sanda samun izinin alƙali. Sai dai kotunan tarayya sun bar wa hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta ƙasar damar karɓar bayanan da takardar sammacin da ita kanta ke rubutawa, kuma a watan Disamban 2023 wani binciken 'yan majalisa ya gano cewa manyan kamfanonin sayar da magani 8 na ƙasar ba sa sharɗanta izinin alƙali kafin su miƙa bayanan abokan cinikinsu. A Ingila ma an yi yarjejeniyar miƙa wa jami'an shige da fice adireshin majiyyata, likitoci suka yi ca a kanta cewa tana korar marasa lafiya daga asibiti, aka janye ta a 2018.

Wannan korar ita ce ta fi damun masanin halittu, domin ƙwayar cuta ba ta san mai laifi da mara laifi ba. Jinyar tarin fuka wata 6 ce a jere. Wanda ya sha na wata 2 ya daina zuwa karɓa saboda ya ji an tafi da littafin ofishin 'yan sanda, bai warke ba. Ya dai kashe raunanan ƙwayoyin ya bar masu taurin kai, su kuma su zai tofa wa iyalinsa da abokan sahu a masallaci. Haka abin yake ga maganin ƙanjamau. Matan rugage da ke gefen daji, waɗanda dama ake yi wa kallon zargi saboda mazajensu ko yarensu, su ne na farkon ƙauracewa, su tafi da 'ya'yansu ba rigakafin ƙyanda. Arewa ta ɗanɗana kuɗarta kan abin da zubewar yarda ke haifarwa: gwajin maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Pakistan kuma, bayan an gano cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin ciwon hanta a 2011 wajen farautar Usama bin Ladan, ma'aikatan rigakafi ne suka biya da rayukansu.

Littafin da ake magana a kansa dai, a yawancin ƙauyukan gefen Kamuku, ba ya cikin kwamfuta kuma ba ya cikin akwatin ƙarfe. Yana kan tebur ne, kusa da kwalbar auduga, inda mai jiran layi zai iya miƙa wuya ya karanta. Cibiyoyin da ke ba da maganin ƙanjamau sun daɗe da amfani da lambar majiyyaci a kan kati, sunan kuma yana cikin fayil a kulle, kuma babu abin da zai hana ƙaramin ɗakin shan magani yin haka: littafi ɗaya na kaya wanda kowane sufeto zai iya buɗewa, wani na sunaye a cikin durowa, da shafi na uku inda za a rubuta ranar da wani jami'i ya zo, da sunansa, da lambar takardar kotun da ya nuna, da shafin da aka kwafa masa. Kuɗin wannan duka bai wuce na littafi biyu da kwaɗo ɗaya ba.